Katangar Malachy

Kakan kakana, Malachy Devane,
bai iya rubuta sunansa ba.
A takardar jirgin ruwa, inda aka ce ya sa hannu,
alama ya zana, 'yar ƙarama, a karkace,
kamar sawun kaza a kan laka.

Shekarar da dankali ya ruɓe a cikin ƙasa,
in an tona kunya sai wari ya tashi,
mai fili ya aiko a yaye rufin ɗaki
don kuɗin haya ya haura wata shida.
Ya bar Mayo da matarsa Honora, da 'ya'ya uku,
da tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku.
Mako bakwai a kan teku.
Tukunya ta iso Kanada lafiya lau.
'Ya'ya biyu suka iso.
Ba a kiran sunan ta ukun a gidanmu,
sai da furfura ta fito min na gan shi
a bangon littafin addu'a, da rubutun wani:
Sabina, shekara huɗu, zazzaɓi, ruwa.

Hukuma ta ba shi eka ɗari a kwarin Ottawa,
kyauta, in ji takarda, daji marar mai shi.
Ya sari itace har tafinsa ya koma ƙirgi,
ya ƙone kututture, ya kafa garma,
garma ta yi ƙara, ta cije.
Dutse.
Dutse ya gudo wa a Ayilan,
ga shi ya riga shi sauka, yana zaune yana jira.
An ce a kansa ya zauna yana dariya
har Honora ta fito a guje, ta ɗauka ya zautu.

Duk shekara in ƙanƙara ta narke
ƙasa takan haifo sababbi cikin dare.
Su ne girbin farko, kafin alkama, kafin komai.
Shi da ɗansa Fintan da sa guda mai ɗingishi
suna ja, suna tarawa a bakin iyaka,
babba a ƙasa, ƙarami ya toshe kafa,
ba siminti, ba laka, nauyi ke riƙe nauyi.

Wata rana garma ta juyo da wani dabam,
siriri, mai baki biyu, an feƙe shi da hannu.
Kan kibiya ne.
Ya juya shi, ya sake juyawa.
Wanda aka yaye wa rufi
ya san ma'anar daji marar mai shi.
Bai gaya wa kowa ba sai Honora.
Ya cusa shi can cikin katanga, wajen gabas,
kuma daga ranar in zai wuce nan
sai ya cire hula.

Honora ta riga shi da shekara tara.
Shi ya mutu da Turanci kaɗan a bakinsa,
yana ƙirga shanu da harshen Mayo
wanda jikokinsa ke ji kamar tari.
Fintan ya gaji gonar, ya ƙara wa katanga kamu biyu.
Kakana ya ƙara ɗaya, ya sayi tarakta bashi.
Babana ya tafi birni gyaran lantarki,
yakan zo ran Lahadi ya dubi ciyawa.

Jiya wani mutum ya zo da babbar mota.
Gonar ba ta dame shi ba, ya ce ba ta da albarka.
Duwatsun yake so,
masu gansakuka, masu kamar tsufa,
mutanen birni na saye su ƙawata lambu.
Ya faɗi kuɗi. Sun fi kuɗin filin.

Na ce ya ba ni kwana biyu.
Yau tun asuba nake wajen gabas
ina zura hannu cikin kafofin katanga,
sanyi na cizon yatsuna.
Ban same shi ba tukuna.
Na sami gidan ɓera, da guntun lofe,
da wani dutse mai santsi a gefe guda
daidai inda tafin mutum zai dafa
in ya gaji.