Sannu Ta Hana Zuwa

Burushina na fari gashin wutsiyar akuya ne,
na ɗaure shi da zaren buhu a bakin kara.
Fentin kuwa ragowar gwangwanin Labbo mai allo,
da nakan kankare da wuƙa in ya tafi salla.

A bakin ruwan Yelwa, ranar kasuwa,
Manu Basarke ya ba ni gefen jirginsa.
Ya ce, "Rubuta mini: Sannu ba ta hana zuwa."
Yara sun yi mini zobe, hannuna na rawa,
na zuba ja, na bi shi da ruwan ɗorawa.
Sai da jirgi ya kai tsakiyar Kwara
na ga "ba" ta maƙale a gwangwani.
Sannu ta hana zuwa!
Shekara uku kuskurena yana fiton albasa
daga Yelwa zuwa Zamare,
duk mai karatun boko da shi yake gaishe ni.
Ladana karfasa biyu, ɗaya ma ta kwana.

Inna ta ce, "Mi kaka yi da rayuwarka?
Tsaranka na noman shinkafa, kai kana shafe-shafe."
Ban amsa ba. Kananzir nake nema
in wanke shuɗin da ya shige mini farce.

Na yi kan aski goma sha biyu a bangon wanzami,
na yi zaki a bayan tifa, aka ce kyanwa ce.
Na koyi cewa, "A ba da rabi tukuna,"
bayan da littafin bashina ya fi ni ƙiba.
Da injin buga hoto ya sauka a gari,
wata huɗu ba wanda ya taka rumfata
sai kaji.

Sannan Kulu ta zo da fasfo a ƙullin zane,
ɗan mitsitsi, ruwa ya cinye rabin fuskar.
Mijinta ne, kogi bai dawo da shi ba.
Inji ya ce ba zai iya ba.
Kwana tara tana zaune tana gyara mini:
"Kunnen bai kai haka ba. Ƙara mishi dariya."
Ran na goma ta yi shiru,
ta gyara lulluɓinta a gaban allo.

Yau ina da rumfar kwano da yara uku.
Ƙaramarsu, Ige, ta fi ni iya idon mutum,
jiya ta ɓarar mini da galan guda na fari.
Na buɗe baki,
sai na hango tsohon katakon nan bisa ƙofa,
wanda na saya wurin Manu da jirgin ya mutu.
Har yau ban cike gurbin ba.
Na ce, "Kwashe abin da ya kwasu, ki ci gaba."