Mai Kwakwa a Ƙofar Makaranta

Na rubuta adadin a allo.
Yaran Nima ko gezau;
sifili ba ya zubar da jini.

Sai na gayyato Umutoni.
A Accra aka yanke cibiyarta,
Ruwanda kuwa a nono ta sha ta.

Ta ce, "Mamata ba ta shan kwakwa.
Mai amalanke na ɗaga adda
sai ta damƙe hannuna, mu tsallake titi.
Ban san fadamar da ta ɓuya ba,
amma kare ya yi haushi, numfashi nake riƙewa."

Sahadatu ta ce, "Su wa suka yi?"
"Maƙwabci. Mai zuwa roƙon gishiri."

Da aka tashi
mai kwakwa yana bakin ƙofa, kamar kullum.
Fuseini ya miƙa kuɗinsa,
idonsa a kan hannun mutumin.