Ƙyauren Barsu

Shekara goma sha ɗaya yana tsaron albasata
a fadamar Kwalkwalawa.
Bana tari ya kama shi, na tsakar dare,
kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya.

Na rungumo shi a kan kabu-kabu har Sakkwato.
Dakta Lubabatu ta aske masa haƙarƙari,
ta shafa wani mai mai sanyi,
ta ɗora kan na'ura a wurin.
Allo ya yi duhu, ya waye,
sai ga zuciyar Barsu tsirara tana aiki.

Ta ce, "Malam Nomau, dubi ƙyauren nan.
Da can yana rufuwa gam.
Yanzu bakinsa ya yi kauri,
jini ya wuce, ya waiwayo."
Na ga ja da shuɗi suna cakuɗa
kamar ruwan Rima a bakin mashigi.

Ta auna ɗakin hagu sau uku.
Ya faɗaɗa. Ta rubuta lamba, ba ta dube ni ba.
Na ce, "Nawa ya rage?"
Ta ce, "Da magani, damina guda. Wataƙila biyu.
Awo ne nawa, ajali ba hannuna yake ba."

Ta ba ni ƙwaya, ta koya mini ƙirga
numfashinsa in ya yi barci:
in ya haura talatin a minti, in kawo shi.

Yanzu shi ke kwance, ni ke gadi,
agogon ɗana a hannuna.
Daren jiya ashirin da shida.
Na sake ƙirgawa, don kawai in ji.