Matakala Ɗari da Saba'in da Uku

Ni ce mai riƙon littafin rajista.
Teburina ƙafarsa ɗaya gajera ce,
na tokare ta da gwangwanin kifi,
na zauna a bakin dandali tun hantsi
da biro biyu, ɗaya ba ya rubutu.

A Valparaíso gida bisa gida yake hawa,
rufin wani farfajiyar wani ne.
Keken igiyar da ke ɗauko mu daga gindin tudu
shekara uku ke nan yana tsaye.
Tsatsa ta cinye haƙoransa,
kyanwa ta haihu a cikinsa har sau biyar.
Hukuma ta ce ana nazari.
Nazari bai taɓa ɗaukar wa Filomena buhun dankali ba.

Shi ya sa muka ce a yi biki.
Remigio ya jawo wuta daga shagon askinsa,
yara sun rataya tutocin takarda taga zuwa taga,
iskar teku tana lissafa su ɗaya-ɗaya.
Kifi na gasuwa, soyayyen ƙullun kabewa na ƙamshi,
'yan gangar firamare suna ta ɓata kiɗa,
ba wanda ya ce musu uffan.

"Maƙwabci, sa sunanka. Peso dubu a wata."
"Me ƙungiya ta taɓa tsinana mini?"
"Fitilar kwanar gidanka, wa ya sa aka gyara?"
Ya sosa ƙeya, ya ɗauki biron da ba ya rubutu.
Na miƙa masa ɗayan.

Baldomero, tsohon ɗan dakon tashar jirgi,
ya tsaya nesa, hannu a aljihu.
Ya ce takardar koke abincin durowa ce,
ya ga irinta tun gashinsa yana baƙi.
Ya tafi. Na ce shi ke nan, mun rasa ɗaya.
Can sai ga shi, bayansa samari huɗu
ɗauke da kujera, a kai matarsa Eulalia,
wadda tun da keken ya tsaya
ba ta sake taka ƙofar gida ba.
Ta ce a sauke ta daidai gabana.
Hannunta na rawa, harafi na bin harafi,
ganga ta yi shiru har ta kai ƙarshen sunanta.
Sannan ta ɗaga kai ta ce,
"Ashe an yi wa cocin fenti?"

Mun gayyaci wakilin hukuma ƙarfe huɗu.
Ba mu tura mota ba, ai babu hanyarta.
Ya iso biyar saura, kwat a kafaɗa,
gumi ya jiƙa jawabin da ya rubuto.
Ximena ta miƙa masa lasifika,
ya buɗe baki, numfashi kawai ya fito.
Gani ya kori ji.
Filomena ta ba shi ruwa a kofinta,
ta ɗora masa takardun koke a cinya,
ta ce, "Saukar ta fi cin gwiwa, ɗana, bi sannu."

Dare ya yi, fitilun jiragen ruwa sun kunnu a ƙasa.
Na ƙirga: sabbin suna sittin da huɗu,
ɗaya na kare ne, aikin jikan Remigio.
Kuɗin gwangwani sun gaza da dubu biyu,
zan cike daga aljihuna, kada a faɗa.

Ban san ko keken zai motsa bana ba.
Litinin dai za mu sauka mu duka,
mu cika ofis har bakin titi.
Eulalia ta ce da ita za a je,
samarin nan huɗu sun riga sun sa hannu
a shafi na ƙarshe, ƙarƙashin "masu ɗaukar kujera".

Na naɗe littafi, na zare gwangwanin kifi,
tebur ya koma ɗingishinsa.
Daga nan zuwa ƙofata matakala talatin da ɗaya.
Yau ban ƙirga ba.