Mako Shida a Zomba

A zauren coci, a gindin dutsen Zomba,
aka jera mana benci, mu ashirin da uku.
Ruwa na dukan kwanon rufi,
dole Madam Nyirongo ta ɗaga murya:
"Ku ji tun yau, ku ba lauyoyi ba ne.
Ba baƙar riga, ba hular gashi,
ba tsayuwa gaban alƙali.
Lauya baki ne, ku ƙafa ne,
baki kuwa ba ya zuwa inda ƙafa ba ta kai shi ba."

Ni Tadala, ƙarnin kifi bai bar tafina ba.
Shekara tara ina shanya kifi a bakin tafkin Chilwa,
lissafina na kwanon awo ne,
rubutuna kamar kaza ta bi ta cikin toka.
Na ɓoye hannu a ƙarƙashin littafi.

Makon farko aka ce mu haddace lamba:
awa arba'in da takwas.
Wanda aka kama, a kai shi kotu kafin su cika.
Na rubuta, sai biro ya tsaya mini,
don yayana Fatsani wata goma sha huɗu ya yi
a kan keken da bai sata ba.
Ya fito da tari, tarin ya raka shi kabari.
Mun sayar da kwalekwale don biyan belin
da yau ake gaya mini kyauta ne.
Rashin sani ya fi dare duhu, an sha faɗa,
ban san yana cin kwalekwale ba.

Muka koyi ɗaukar bayani ba tare da sa wa mutum magana a baki ba.
Muka koyi wasiƙa: gajera, da kwanan wata, a riƙe kwafi.
Muka koyi zama tsakanin maƙwabta biyu
masu faɗa kan iyakar gonar masara,
ka yi shiru har tukunyar ta daina tafasa.
Wannan na faɗi sau biyu,
bakin 'yar kasuwa ba ya son jira.

Mako na biyar aka kai mu gidan yari.
Aka ba ni dattijo Mkwanda, mai haƙori uku,
shekara biyu da rabi yana jiran shari'ar akuya.
Akuyar ma, in ji shi, an daɗe da cinye ta a biki.
Na ce, ina takardarka?
Ya yi dariya har ya riƙe bango.

Kwana huɗu ina zarya ofishin magatakarda.
"Dawo gobe." Na dawo.
"Mai mukulli ya tafi jana'iza." Na zauna jiran mai mukulli.
Wadda ta saba jiran masunta tun asuba
ba benci ne zai kore ta ba.
Ran Juma'a biro ya suɓuce mini, na sunkuya,
sai ga fayil an ninke shi biyu
an tokare gajeriyar ƙafar tebur da shi.
Gara ta ci rabin sunan.
Sauran rabin ya isa: kwanda.

Ban yi jawabi ba, ba wanda ya tafa.
Na ɗaga tebur, na sa dutse a gurbin,
na kai wa lauyar gwamnati, ta karanta a tsaye,
ta ce, "Wa ya samo wannan?"
Na ce, ƙafa.

Ranar da aka raba mana takardar shaida
Madam Nyirongo ta kama hannuna ta shinshina,
ta ce kar in wanke duka.
Mkwanda bai zo ba, yana Jali yana shuka rogo.
Ya aiko da ƙwai shida a ƙunshin jarida,
ɗaya ya fashe a mota.

Litinin akwai mata biyu a caji ofis.
Tun daren Asabar nake ƙirga awanninsu.