Jirage Bakwai a Adakar Kawu

Da ruwan bara ya kwantar da ɗakin Kawu Tsalha,
ni da Jibo muka tono adakarsa daga laka.
Mun zaci takardun gona ne a ciki.
Ashe jirage ne, har bakwai,
kowanne bai wuce taƙi biyu ba,
an naɗe su a tsohon rawani kamar jarirai.

Shekara talatin yana fito a gulbin gefen Miga,
buhun shinkafa, akuya, masu sammakon Gujungu,
har ranar da gada ta tsallake kansa
ko sallama ba ta yi masa ba.
Sai ya jingine gorarsa jikin rumbu,
ya koma gindin kanya da 'yar wuƙa da guntun maɗaci.
Gari ya ce tsufa ya mai da shi yaro.
Bai tanka ba,
sassaƙe kawai ke zuba a kan ƙafarsa.

Yanzu ni ne yaron.
In na sallami ɗalibai, na yi la'asar,
sai in shimfiɗa buhu, in jera majinyatana.
Gara ta cinye hancin wannan,
wancan laka ta toshe masa ciki,
na uku mazauninsa ya ɓalle
kamar haƙorin tsohuwa.

Ƙaro nake damawa da garin katako,
ina ɗura wa ramukan gara da tsinken tsintsiya.
Filafilin da ya karye, na fiƙe wani daga ƙirya,
sai a na biyar hannuna ya daidaita.
Gwangwanin madara na yanka na yi faci,
ƙusoshina kuwa fil ɗin tela ne.
Aikin ba ya son mai sauri,
ba ya son mai fushi,
babban yatsana shaida ne.

Ƙarƙashin kowanne akwai suna
da ya ƙona da ƙusa mai zafi:
Balbela, Sannu-Sannu, Ci-Da-Haƙuri, Ɗan Auta.
Jiragen da ya taɓa tuƙawa ne,
har da karkacewar da kowa ya san su da ita.

Na bakwai ba shi da suna.
Tsaga ce da shi daga ƙirji har wutsiya.
Kwana uku ina kansa da tocila a baki,
na cike, na goge, na shafa man kaɗanya,
har ya yi sheƙi kamar bayan tarwaɗa.
Na ɗauka da alfahari na kai wa Gwaggo Tabawa.

Idonta ya tafi, yatsunta ne ke gani.
Ta bi cikinsa, ta dawo, ta sake bi.
Ta ce, ina tsagar?
Na ce na gyara.
Ta ce, wa ya aike ka?
Ba gara ba ce, ba ruwa ba ne,
da hannunsa ya tsaga shi.
Wannan ne ya tafi da ƙanensa Ilu
shekarar da gulbi ya kai gindin tsamiya.
Yadda jirgin ya dawo, haka ya sassaƙa shi.

Daren nan ban ci tuwo ba.
Da tsinin wuƙar Kawu na bi sawun aikina,
ina ɓanɓare gwanintata kaɗan-kaɗan
har tsagar ta sake buɗe baki.

Ran Juma'a na cika babban daro,
yaran unguwa suka kewaye, gwiwa a ƙasa.
Shida suka tashi bisa ruwa, suna gaisa da juna.
Na bakwai ya tsaya jim,
ya sha, ya karkata.
'Yata Hajjo ta miƙa hannu za ta cece shi,
na riƙe mata wuyan hannu.

Muka bar shi ya sauka a hankali
har ya taɓa gindin daro.
Daga zaure Gwaggo ta ce, ya nutse?
Na ce ya nutse.
Ta ce, to, ciro shi ka shanya.