Layin Rawaya

Tun rana ba ta gama wanke fuska ba
muka hau tudun da ke bayan waya,
ni da jikata Zdislava, da fulas ɗin shayi,
da gwiwar hagu mai yi mini gardama.
Rabin mutanen Prag sun riga mu zuwa.
Masu kyamara sun kafa tsani kamar za su tsinko wata,
wani ya saɓa ɗansa a wuya,
wata na sayar da burodi daga bayan mota
ninki biyu, don ta san yau babu mai tayawa.

An ce bene ne mai fukafukai.
An ce mutum ɗari biyar yake haɗiyewa
bai ko yi gyatsa ba.
Ctibor maƙwabcina ya ja hularsa, ya ce:
ƙarya fure take, mu jira 'ya'yanta.

Sai ga ɗigo a sama, kamar ƙuda a gilashin taga.
Na rantse tsayawa ya yi.
Ba gaba, ba baya, ƙiba kawai yake ƙarawa,
har ya cinye gajimaren da ke bayansa.
Na toshe kunne ina jiran aradu,
ya wuce mu da ajiyar zuciya.
Ashe mai girma ba ya ɗaga murya.

Ƙafafu ashirin da biyu, in ji Zdislava,
ta ƙirga su kafin hayaƙi ya rufe su.
Motocin kashe gobara suka yi masa ƙofa da ruwa,
bakan gizo ya leƙo, ya ga taro, ya koma.
Tafi ya ɓarke. Wata tsohuwa na share hawaye
ba ta san dalili ba.

Ni kuwa ƙasa nake kallo.

Shekara talatin da ɗaya ina shafa fenti a filin nan,
tsakanin jirgin ƙarshe da na asuba,
lokacin da sai zomo da iska da ni.
Sanyi ya ci mini farce biyu.
Květuše ta yi ta cuɗar hannun rigata,
har ta bar duniya rawayar ba ta fita ba.
Watan da zan ajiye aiki aka faɗaɗa waccan kwana
saboda baƙon da ba mu taɓa gani ba.
Ni na ja lanƙwasar.
Shugaban aiki ya ce ta kauce da taƙi ɗaya,
na ce ya sake awo.
Ya sake. Bai ce komai ba. Ya miƙo mini taba.

To, ga shi yanzu.
Wanda ya ƙetare teku da hamada babu hanya,
wanda taurari suka ba wuri,
ya iso ƙasa ya rasa inda zai sa ƙafa,
sai ya sunkuyar da hanci,
ya ɗora tayar gaba a kan layina,
ya bi shi sannu sannu,
kamar yaro riƙe da yatsan ubansa a kasuwa.
Giwa ta bi zare.
Ko taƙi ɗaya bai kauce ba.

A tagar sama wani ya ɗaga hannu.
Ba ni yake gaisarwa ba, amma na amsa.
Ban taɓa shiga ko ƙaraminsu ba.
Kaka, yaushe za mu hau?
Na ce shanye shayinki tukuna, ya huce.
Ctibor ya yi tari, ya ce: to, ta haihu.

A bas ɗin komawa gida
tana nuna mini hotuna, tana goge marasa kyau.
Akwai wani da hannunta ya karkace,
babu kan jirgi, babu fiffike, babu bakan gizo,
baƙar taya ce kawai a jiƙe
da rawayar da ke ƙarƙashinta.
Har ta kai yatsa.
Na riƙe hannunta, na ce:
wannan ki bar mini.